Baba, bagaruwa, karan dafi ko ɓawon albasa: wane rinin tsiro ya dace da aikinka?

Wanda ya taɓa tsayawa a karofin Ƙofar Mata a Kano ya ga an zaro yadi daga rami yana kore-kore, yana ɗigar ruwa, kafin marini ya gama warware shi ya rikiɗe ya koma shuɗi, da wuya bai ji sha'awar sana'ar ba. Sai dai rami ba shi kaɗai ne hanyar samun launi daga tsiro ba, kuma ga yawancin masu farawa ba ta nan ya kamata su shiga ba. Akwai bagaruwa, karan dafi, ganyen marke, gangamau (wato kurkum), ɓawon albasa, ɓawon itatuwa, kowanne da abin da yake kamawa da abin da yake ƙi. Cewa rini "na gargajiya ne" kuma ba ta wanke shi daga ɓarnar daji. Wani ganye ake tsinka ya sake tofowa, wani kuwa sai an kashe bishiya kafin a cika tukunya ɗaya.

Abubuwan da za ka auna

Na farko, me za ka rina? Fata, ulu da siliki daga dabba suke, suna karɓar yawancin launukan tsiro ba gardama. Auduga, rama da kaba daga tsiro suke, kuma auduga musamman tana da taurin kai, sai an yi mata shiri. Yadin roba da wuya ya kama. In kana shakkar yadin da aka sayar maka, zare silin zare ka kusanta shi da ashana: auduga tana ci da wuta, ta yi warin takarda, ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri.

Na biyu, riƙon launi, kuma iri uku ne: jure wanki, jure rana, jure gogayya. Rini na iya cin ɗaya ya faɗi biyu.

Na uku, kuɗi. Ka raba jarin farawa da abin da kowace tukunya ke ci, ka sa itacen wuta da ruwa cikin lissafin, don su ne ke cinye riba ba tare da mutum ya farga ba. Farashin kayan yana bin lokaci: bagaruwa tana araha da rani sa'ad da take zubowa, karan dafi bayan kaka.

Sai wahalar koyo da tsawon jira, sai haɗari ga mai aikin. Na ƙarshe, abin da daji ke biya. Jerin daga mai sauƙi zuwa mai nauyi shi ne: sharar da dama zubarwa za a yi, 'ya'yan da suka faɗo da kansu, abin da aka noma don rinin, ganyen daji, ɓawo, saiwa. A kan wannan sai ka ɗora yawan wutar da ake hurawa da inda ruwan ƙarshe ke malala.

Shirin auduga

Sabon yadi yana zuwa da sitaci da maiƙo. In ba a cire su ba rini zai fito dabbare-dabbare, kuma laifin ba na tsiron ba ne. A tafasa kilo 1 na yadi cikin lita 20 zuwa 30 na ruwa da sabulu da ɗan ruwan toka na kamar awa 1, a ɗauraye. Ruwan zai fito ruwan ƙasa-ƙasa, alamar aikin ya yi.

In ban da baba, tsiron da ke ba da shuɗi, yawancin sauran suna buƙatar abin ɗaure launi. Ga auduga mataki biyu ne. A jiƙa ta awa 2 ko a kwana cikin ruwan bagaruwa marar ƙarfi, sannan a matse a sa cikin ruwan alif, wannan da ake tace ruwan sha da shi, giram 150 ga kilo 1 na yadi. Alif shi kaɗai ba ya zama sosai a auduga, baurin bagaruwa ne ke riƙe shi. Ulu kuwa alif giram 100 ya ishe shi, in aka zarce sai ya yi danƙo a hannu. Wasu littattafan rini na da suna ambaton gishirin kuromiyam da na jan ƙarfe don ɗaure launi. Ka bar su, guba ne, kuma mai zuba su a kwata ba shi da bakin cewa rininsa na tsiro ne.

Baba

Shi ne sarkin rinin ƙasar Hausa. Marinan Ƙofar Mata suna kai tarihin karofinsu zuwa 1498, kuma da Bajamushen matafiyin nan Barth ya iso Kano a 1851 ya tarar da rinannun tufafinta suna ratsa Sahara. Turkuɗin garin Kura da Buzaye ke naɗawa daga wannan sana'ar yake.

Aikin baba dabam yake da na kowa. Shunin ba ya narkewa a ruwa, don haka dafa shi ɓata lokaci ne. Ana haɗa baba da toka da kanwa da katsi (ƙonanniyar lakar tsohon rami) a rami, a bar ƙananan halittun da ke cikin ruwan su cinye iskar da ke ciki. Iskar na ƙarewa sai shunin ya narke ya zama kore mai rawaya-rawaya, ya shige cikin zare. Da an ɗago yadin ya sha iska sai ya koma shuɗin da ba ya narkewa, yana maƙale a ciki. Shi ya sa ba ya buƙatar alif, shi ya sa kuma yake jure wanki da rana fiye da kowane rini a wannan jerin. Rauninsa gogayya: in aka cika shi yana zuba a jiki. A turkuɗi wannan zubar ado ce da ake biya dominta, a matashin kujera kuwa aibi ce.

Ramin yana nuna cikin mako 1 zuwa 4, gwargwadon girmansa da zafin gari, ana motsa shi da muciya kullum. In ya nuna za ka ga kumfa mai shuɗi da shunayya ta taru a sama, fuskar ruwan tana ƙyalli kamar jan ƙarfe, ƙarƙashinta kore, ga wani wari da ba ya ɓuya. Marini yana taɓa ruwan ya murza yatsu: in da santsi, toka ta ji. Mai takardar awon tsami ya nemi lamba 10 zuwa 11. Tsomawa kan ɗauki minti 2 zuwa 5, shan iska minti 10 zuwa 15. Sau 3 yana ba da shuɗi mai haske, shuɗi mai duhu baƙi-baƙi kuwa sai an haura sau 10. Duhu daga yawan tsomawa yake zuwa, ba daga daɗewa a ciki ba.

Inda ake faɗuwa sananne ne. Toka ta yi kaɗan, ruwan ya yi tsami ya ruɓe. Ta yi yawa, halittun su mutu ramin ya ƙi tashi. Sanyin hunturu yana kwantar da shi. Mai gaggawa da ke facaka da ruwa, yana barin yadi na ɗiga cikin ramin, iska yake cusawa, sai ruwan ya koma shuɗi, kuma shuɗin ruwa a rami alamar mutuwa ce, ba ya rina komai. Rami da aka matsa wa yau a bar shi ya huta gobe. Wanda ba shi da halin haƙa rami da dalaye shi da laso, wato simintin gargajiya, yana iya farawa da gangar roba mai lita 200, a binne rabinta a ƙasa don zafinta ya daidaita, amma ya fara yin wata ɗaya ko biyu a hannun marini tukuna. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Ta fuskar muhalli baba yana da hujja mai ƙarfi. Dangin wake da gyaɗa ne, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, ana yankarsa fiye da sau ɗaya a damina. Ba a hura wuta ƙarƙashin rami. Laka da ta kwanta a ƙasa ana kwashewa a ƙona ta zama katsi ta koma aiki. Abin da yake ci shi ne fili da ruwa, domin kilo 100 na ɗanyen ganye ba ya ba da kilo 1 na tsantsar shuni. Tsohon ruwan rami kuma yana da kaifin kanwa, in aka juye shi a gindin shuka zai ƙona ta. Talaki, wanda Yarbawa ke rina adire da shi, launi ɗaya yake bayarwa, amma galibi a daji ake tsinko shi, baba kuwa nomansa ake yi.

A kula da abu ɗaya. Tun 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta, kuma sinadarinsa ɗaya ne da na ganye. Ido ba ya bambanta su a jikin yadi. In kana son ka yi wa mai saye rantsuwa cewa na tsiro ne, sayi baban da ganyensa da ƙirarensa, kada ka sayi gari a leda.

Bagaruwa da ƙarfe

Ga mai farawa da auduga babu kamarta. 'Ya'yan bagaruwa cike suke da sinadarin nan mai bauri da masana ke kira tanin, shi ne majeman Ƙofar Wambai a Kano ke jeme fata da shi. Daka giram 300 ga kilo 1 na yadi, ka ware ƙwayar, ka jiƙa cikin lita 20 ya kwana, ka ɗumama awa 1 ba tare da ya tafasa ba, ka tace da ƙyalle. Yadi ya kwana a ciki zai fito ruwan kakin soja mai haske.

Sai ƙarfe. Zuba tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa ko kashin maƙera a bokitin roba, ka sa ruwa da jiƙon tsamiya ko lemun tsami, ka rufe mako 2. Dukawa da irin wannan suke haɗa kuloko na baƙanta fata. Tace kofi ɗaya cikin bokitin ruwa ka tsoma yadin. Nan take za ka ga toka-toka tana bin zaren kamar tawada a takarda, cikin minti 5 zuwa 10 ta kankama. Ɗauraye, koma bagaruwa, koma ƙarfe, kowane zagaye yana ƙara duhu. Baƙi wuluk a auduga yana da wuya ta wannan hanya kaɗai, an fi samunsa in an fara shimfiɗa baba.

Yana jure wanki da rana sosai. Illarsa, ƙarfe yana cin zare: in ya yi yawa yadin zai yi kaushi, bayan watanni ya fara tsagewa a wurin ninki. Lemun tsami ya ɗiga a kai zai bar farin tabo. Bokiti da muciyar ƙarfe kada su taɓa tukunyar rawaya, ɗigo ɗaya ya isa ya dusashe ta. Ruwan ƙarfen a ajiye nesa da yara, shansa guba ne. Daji kuwa kusan ba ya asarar komai, 'ya'yan da kansu suke zubowa. Ƙwayar da ka ware iri ce, kada ta tafi bola.

Karan dafi

Dawa ce da ake shukawa a gefen gona ba don hatsinta ba, sai don jan kuben da ke lulluɓe da karan. Da ita ake rina jemammiyar fatar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta yi ja, fatar da Turawa suka daɗe suna saya ta hannun fataken Maroko suna kiranta da sunan can. A zangunan Gana da irin wannan ganyen ake dafa shinkafa da wake ta yi ja.

Ana daka shi a jiƙa, a riƙa sa kanwa kaɗan-kaɗan har ruwan ya yi ja wur. Tsami yana mayar da shi ruwan lemo, kanwa mai yawa ta kai shi ja mai duhu har ta busar da fata ta riƙa tsagewa. A fata ana shafa shi da tsumma sau 2 ko 3, ana barin kowane shafi ya sha iska a inuwa. A ulu da kaba ana sa nauyin karan daidai da nauyin abin da za a rina. A auduga kuwa ba ya ba da jan da ake tsammani, ko da alif sai dai ja-ja mai kodewa, rana kuma tana mayar da shi ruwan ƙasa. Wanda ya karɓi kwangilar jan zanen gado da karan dafi ya ɗauko rigima. Haɗarinsa kaɗan ne, nauyinsa a kan daji babu, tunda nomawa ake yi.

Rawaya: hanyoyi huɗu

Nan ne zaɓi ya fi tasiri, don launi ɗaya ake nema amma abin da ake biya ya sha bamban.

Gangamau ya fi kowa kyau ranar farko, kuma yana kama auduga ba tare da alif ba, giram 50 zuwa 100 na garin ga kilo 1. Kwana kaɗan a igiyar shanya sun isa su kashe shi, sabulu mai kaifi kuma yana mayar da shi ja-ja. Na kayan wasa ne da adon cikin ɗaki.

Rawaya, tsiron da launin ya ci sunansa, saiwarsa ake tonowa. Masu magani suna nemanta, masu miya a wasu yankuna suna nemanta, in marina suka ƙaru a kanta da yawa ba za ta ɗauka ba. In dole ne, a yanki sashe a mayar da sauran a rufe.

Ganyen marke yana ba da rawaya mai duhu, kuma da baurinsa yake zuwa, don haka yana zama a auduga da kyau. Da shi masu rinin laka na Mali ke fara jiƙa yadi kafin su zana laka mai ƙarfe a kai ta yi baƙi. Ana sa busasshen ganye daidai nauyin yadi. Ganye za a tsinka, ba reshe za a sare ba, domin marke dama yana shan wuya a hannun masu gawayi.

Ɓawon albasa shi ne zaɓin da ya fi hankali. A duk inda ake cinikin albasa, daga Aliero a Kabi zuwa Galmi a Nijar, iska ce ke kwashe shi. Giram 500 ga kilo 1 na yadi mai alif, a ɗumama minti 45, yana ba da ruwan zinare, in aka bi da ɗan ruwan ƙarfe ya koma kore mai duhu. Kada a haɗa na jar albasa da mai ruwan ƙasa a tukunya ɗaya, launin zai dagule. Jure ranarsa matsakaici ne, ya fi gangamau nesa, bai kai baba ba. Kore na gaske kuwa ba tsiro ɗaya ke ba da shi ba: a rina da baba, sannan a bi da albasa ko marke.

Ɓawon itace

Maɗaci yana ba da ruwan ƙasa mai ja-ja mai riƙo ƙwarai, maɗobiya ma haka. Amma abincin da ganye ke haɗawa ta ƙarƙashin ɓawo yake gangarawa zuwa saiwa. In aka ɓare shi zagaye, bishiyar za ta yi shekara tana kore kamar lafiya lau, sannan ta bushe a tsaye. Duba maɗatan bakin hanya ka ga yadda masu magani suka riga suka feɗe su iya inda hannu ke kaiwa. A 2022 aka sa maɗacin Afirka cikin jerin itatuwan da ake sa wa ido a cinikin ƙasa da ƙasa, maɗobiya ta riga shi shiga saboda masu fitar da katako. Mai son wannan launin ya je wurin kafinta ya kwashi garin katako, ko ya yi amfani da makubar ɗorawa, wadda ɓawon 'ya'ya ce.

Lalle yana kama ulu da fata da siliki, ba ya son auduga. Zoɓorodo yaudara ne: jan da ke cikin kofi wanki ɗaya ke mayar da shi toka-toka.

Galura a matsayin ma'auni

Gaskiya ita ce galura, wato rinin masana'anta, ta fi araha a kowane yadi, ta fi sauri, launukanta ba iyaka, kuma in an iya haɗi tana riƙo. Abin da ba ya cikin farashinta shi ne sodar da ke ƙona hannu da ido, da farin garin nan mai warin farar wuta da ke shaƙe ƙirji, wanda in ya jiƙe a buhu yana iya yin zafi har ya kama wuta, da ruwan da ke bin kwata. Mazauna kusa da Sharaɗa da Challawa a Kano sun san kalar ruwan masana'anta. A 2002 Tarayyar Turai ta hana wasu nau'ukan wannan rini a tufafi da fatun da ke taɓa jiki, kuma galurar da ake aunawa a ƙulli ba ta zuwa da takardar abin da ke cikinta.

| Rini | Ya fi kama | Riƙo | Kuɗi | Wahala | Nauyi kan daji |
|---|---|---|---|---|---|
| Baba | auduga, siliki | mai ƙarfi, yana zuba da gogayya | jari babba, daga baya sauƙi | babba | kaɗan, sai ruwa |
| Bagaruwa da ƙarfe | auduga, fata | mai ƙarfi | araha | kaɗan | kusan babu |
| Karan dafi | fata, ulu, kaba | matsakaici | matsakaici | kaɗan | babu |
| Gangamau | kusan komai | rauni | matsakaici | babu | babu |
| Marke | auduga | mai kyau | araha | kaɗan | ya dogara da tsinka |
| Ɓawon albasa | ulu, auduga mai alif | matsakaici | kusan kyauta | kaɗan | babu |
| Ɓawon maɗaci | auduga, fata | mai ƙarfi | araha | kaɗan | mai yawa |
| Galura | kusan komai | ya dogara da haɗi | araha | kaɗan | gurɓata ruwa |

Teburin bai nuna itacen wuta ba. Tukunyar lita 30 da ake hura wa wuta kullum tana iya cin daji fiye da duk ganyen da ke cikinta. Daga Maris zuwa Mayu baƙar ganga a rana tana yin aikin murhu: jiƙon bagaruwa, marke ko albasa na kwana 2 zuwa 3 a cikinta yana fitar da launi ba tare da tsinken itace ɗaya ba. Ruwan tukunya kuma ana rina yadi na biyu da na uku a ciki, kowanne ya fi na baya haske.

Wa ya ɗauki wanne

Mai farawa a gida da ƙaramin jari, ko ƙungiyar mata da ke son kayan sayarwa da wuri, su ɗauki bagaruwa da ɓawon albasa. Su biyun da ɗan ruwan ƙarfe suna ba da kaki, toka-toka, ruwan zinare da kore mai duhu. Baduku da mai saƙar tabarma ko faifai: karan dafi don ja, kuloko don baƙi. Mai yin tufafin da za a riƙa wankewa kowane mako, baba ne ko bagaruwa, sauran za su dawo masa da ƙorafi. Mai gona da rijiya da niyyar zama a sana'ar shekaru ya shuka baba, ya sa bagaruwa da lalle a shinge. Malamin da ke son nuna wa yara aikin launi ya ɗauki gangamau da zoɓorodo, kodewarsu ma darasi ce. Mai neman kasuwar waje ya nisanci galurar ƙulli da ɓawon maɗaci, don za a tambaye shi asalin kowane launi. Wanda kuwa aka ba kayan makaranta ɗari biyar masu launi ɗaya tak cikin kwana goma, rinin tsiro ba zai fisshe shi ba: ya yi da na masana'anta mai suna da takarda, da safar hannu da takunkumi, ya haƙa ramin tara ruwan nesa da rijiya.

Kowanne ka zaɓa, kafin ka karɓi kuɗin kowa yanki ƙyalle uku daga tukunyar farko. Ɗaya a wanke sau 5, ɗaya ya yi mako 2 a rana an rufe rabinsa da kwali, na uku a goga shi a jiƙaƙƙen farin yadi sau 10.